Hayaƙin da Doka Ba Ta Hana Ba

Evaristo Quiñones, wanda muke girmamawa da laƙabin Don, ya yi shekara arba'in da huɗu yana naɗa taba da hannu a wani ɗan shago a unguwar Ybor, nan cikin Tampa ta Amurka, kuma duk tsawon shekarun nan magana ɗaya yake nanata mana. Wai tun ranar da 'yan juyin juya hali masu gemu suka ƙwace gonakin Kyuba, mu kuma muka tsallako teku, ganyen taba na can ya mutu murus.

"Ƙasa ta san hannun mai ita, Ulpiano," haka yake ce min, yana murza ganye a kan allonsa ba tare da ya ɗago kai ba. "Abin da suke sayar wa Turawa yanzu ciyawa ce aka sa wa zobe. Tabar Kyuba ta gaskiya ga ta nan a hannuna."

Tasa da irin Kyuba aka shuka ta, amma a Honduras. Ta can kuwa, wadda yake zagi safe da yamma, ko kara ɗaya bai taɓa sa wa wuta ba tun da ya baro gonar ubansa a San Luis yana ɗan shekara talatin da biyar. In ka ce masa ta yaya ya san ta lalace alhali bai ɗanɗana ba, sai ya dube ka kamar ka zagi uwarsa. Ya sani kawai.

Shi ne kuma sakataren wata 'yar ƙungiya ta tsofaffi bakwai, waɗanda ba su da aiki sai rubuta wa 'yan majalisa wasiƙa duk wata, a ƙara matse takunkumin da Amurka ta sa wa tsibirin Kyuba. A shekarar 2004 hukuma ta fito ta bayyana ƙarara cewa ɗan Amurka, da ma wanda ke da takardar zama kawai, ba shi da izinin sayen tabar Kyuba ko da a wata ƙasa yake, ko da a can zai shanye ta. Ranar sai da Evaristo ya saya wa duk teburin da muke wasan domino kofi, mutumin da ko ashana ba ya bayarwa aro. Ka rantse shi ya rubuta dokar da alƙalaminsa.

A kaina aka fara gwada ta. Na je Cancún, a ƙasar waje, bikin 'yar ƙanwata, ango ya miƙo min kara ɗaya, na sha, na ji daɗina, wauta kuma ta sa na adana zoben takardar da ke jikin karan a cikin walat. Bayan mako biyu na ciro walat zan biya kofi, zoben ya faɗo tsakiyar teburin domino. Evaristo ya ɗauke shi da ɗan yatsa biyu kamar mataccen kyankyaso, ya zagaya da shi kowa ya gani. Ya kira ni maci amana a gaban mutanen da muka shigo kwale-kwale ɗaya da su. Wata shida aka hana ni kujera a teburin nan. Ban yafe ba, kuma ban ɓoye masa cewa ban yafe ba.

Shi ya sa da na buɗe ƙofar gidana wata Laraba cikin Maris na 2006 na gan shi tsaye da hularsa a hannu, na zaci mutuwa aka yi. Bai taɓa tako gidana ba.

"Kana da fasfo mai rai?" Muryarsa ta dushe, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Sannu da zuwa dai tukuna, Don Evaristo. Ko gaisuwar ma an sa mata takunkumi?"

Ya zauna bai jira an ba shi kujera ba. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Nan da mako uku, ranar Litinin, za a cire masa maƙogwaron gaba ɗaya, a huda masa rami a wuya da zai riƙa numfashi ta nan. Murya za ta tafi, wannan bai dame shi ba, ya ce ya riga ya faɗi duk abin da zai faɗa. Abin da likita ya ƙara da shi kamar wasa shi ne ya hana shi sukuni: tunda iska ba za ta ƙara bi ta hanci ba, ƙanshi ma zai tafi, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba.

"Ina so in ji ta sau ɗaya," ya ce. "Ta can. In tabbatar."

"Ka tabbatar da me? Ba ka ce ciyawa ce ba?"

"Ciyawar ce. So nake hancina ya shaida kafin a rufe shi."

"To me ya kawo ka wurin maci amana?"

"Kai kaɗai ne ba ka da bakin yi min gori."

Na so in ce masa a'a, har na buɗe baki. Sai na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, da wuri biyu da reza ta tsallake a haɓarsa. Na ce ina da fasfo.

Akwai jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido da ke tashi daga Tampa ya tsaya wuni ɗaya a tsibirin Cayman, inda ake sayar da ta gaskiyar a shago mai lasisi. 'Yarsa Migdalia ta zaci iskar teku yake so ya sha kafin aiki, har ta yi hawaye ta sayo masa sabuwar hula. Mijinta Rolando kuwa lauya ne, sai Evaristo ya ja shi gefe ranar Lahadi bayan an ci abinci, ni ina zaune ina sauraro.

"A ce wani mutum, ba ni ba. Yana Cayman. Zai iya saye?"

"Ba zai iya ba, Don Evaristo. Ai kai ka fi ni sani."

"In ya ba wani kuɗi ya sayo masa fa?"

"Duk kanwar ja ce."

"In kyauta aka ba shi?"

"Ni dai in lauyansa ne, cewa zan yi ya sa hannu a aljihu."

"To a ce wani, wanda ba ɗan Amurka ba, ya saya da kuɗinsa, yana shan abinsa. Shi kuma mutumin nan yana zaune kusa, iska ta kwaso hayaƙin ta kawo masa."

Rolando ya dube ni, ya dubi surukinsa, ya danne dariya da ƙyar. "Iska ba ta da fasfo. Ban san dokar da ta hana mutum numfashi ba."

A mota na ce masa, "Haba tsoho, wannan wane irin wahalar da kai ne? Ka shiga shago ka sayi abinka ka sha. Wa zai gan ka?"

"Ni zan gan ni."

An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Shi nasa da ma'auni ya gina shi, daidai tsawonsa, ya kuma yi masa daɓe.

Kwana na biyu a teku, da hantsi, aka sanar ta lasifika cewa wanda ya duba hagu zai hango ƙarshen tsibirin Kyuba. Lardinsa ne ma, Pinar del Río. Mutane suka ɗunguma da kyamarori, ni ma na bi su, na ga wani siririn layi mai toka-toka can ƙarshen ruwa. Da na dawo na same shi a ɓangaren dama, ya juya baya, yana fama da wata miyar kaza da ba ta haɗiyuwa. Bai tambaye ni me na gani ba.

Ƙarfe goma na safe ƙaramin jirgi ya sauke mu a George Town, babban garin Cayman, aka ce na ƙarshe zai koma ƙarfe uku, wanda ya makara ya san inda dare ya yi masa. Shagon na hawa na biyu, da baranda mai kujeru inda masu saye ke zama su sha. A ciki akwai ɗakin gilashi mai sanyi da aka jera akwatunan. Evaristo ya cire hula kafin ya shiga, kamar coci, ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihu don kada su ci amanarsa. Ya bi layin akwatunan a hankali yana jan numfashi. Matar da ke tsaron shagon ta biyo mu da murmushinta na ciniki.

"Wacce zan ciro wa maigida?"

"Kallo muke yi," na ce.

Da muka fito na tambaye shi, "To? Ka ji?"

"Ganye mai sanyi rabin magana yake yi. Sai wuta ta taɓa shi yake faɗin gaskiya."

Muka zauna a baranda. Ya jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga sama, ya gano inda iska ta nufa, ya sa muka koma kujerun kusurwa. Muka sayi kofi, muka jira wanda zai zo ya yi mana laifin.

Masu saye kam sun zo. Kusan dukkansu 'yan jirginmu ne, Amurkawa jajaye da gajeren wando. Su sayi biyar, su sayi goma, su tsaya nan gabanmu suna zare zoben takardar don kada kwastan su gane ta, suna jefawa a kwandon shara, suna tura karan cikin safa da jakar man goge baki, suna dariya. Wani ƙato ma ya kashe wa Evaristo ido, ya ce, "Ba ka ga komai ba, kaka." Babu wanda ya kunna ko ɗaya, duk na kaiwa gida ne a yi wa abokai burga. Sakataren ƙungiyar tsofaffi bakwai yana zaune yana kallon yadda ake bin dokarsa. Kunnuwansa sun yi ja.

Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Mun sha kofi uku-uku, matar shagon ta fara leƙo mu tana duba inda jakarta take. Ni kuwa yunwa ta ishe ni.

"Bari in shiga in saya da kaina," na ce. "Ni ai na riga na lalace."

"Kai ma dokar ta hau kanka. Zauna."

Biyu da kwata Allah ya kawo mana mutuminmu. Dogo ne, da farar riga a buɗe har cibiya da tabarau a tsakiyar kai. Ya fito da kara ɗaya mai kauri da kofin giyar rake, ya zauna daidai inda iska za ta kwaso ta kawo mana. Da ya ji muna magana da harshenmu, wanda shi ma nasa ne, sai ya gabatar da kansa: Dakta Bertolotti, likitan haƙori daga Rosario ta Ajantina. Evaristo ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur don murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Likitan ya kai karan baki ya gartsa masa cizo, ya tofar da kan, ganyen waje ya tsage. Na ji Evaristo ya yi wani ƙaramin nishi. Sannan ya tsoma bakin karan cikin giyar ya juya shi sosai.

"Sirrin ke nan," ya ce mana. "Haka 'yan Kyuba na asali suke yi. Ku daga ina?"

"Tampa," in ji Evaristo.

"Af, Amurkawa! Ku da aka hana. Kaico. To ku matso ku koyi abu."

Ya ciro laita mai warin fetur ya cusa wutar cikin ganyen, yana zuƙa da sauri kamar mai hura gawayi. Gefe ɗaya ya kama, ɗayan ya ƙi. Hayaƙin ya taso ya nufo mu yadda aka tsara, Evaristo ya rufe ido ya buɗe hanci. Na ga fuskarsa ta yamutse.

"Fetur nake ji," ya raɗa min. "Fetur da giya da ƙauri."

"To ka tabbatar ke nan. Ciyawa ce. Tashi mu tafi."

"Ba ita ba ce, jakin nan ne. Ba a yi mata adalci ba."

Ya juya ga likitan da ladabin da ban san yana da shi ba. "Dakta, da ka ɗan sassauta zuƙar. Ka bar ta ta huta tsakani."

"Tsoho, shekara ashirin ina shan wannan abin. Taba irin wannan zafi take so." Ya ƙara zuƙa uku a jere, ya buga karan a bakin faranti tokar ta zube. Sai ya shiga ba mu labarin yadda ake naɗa ta, wai a kan cinyar 'yan mata. Yana faɗa wa mutumin da yatsunsa suka rine tun kafin a haife shi.

Na duba agogo, uku saura ashirin da biyar. Daga barandar ina hango layin masu komawa jirgi yana gajarcewa. Likitan ya sake ɗaga karan zai tsoma a giya.

Ban ga tashin Evaristo ba, sai dai na ga karan a hannunsa.

"Kai! Lafiya?" in ji likitan.

"Zauna, ɗana. Haƙori ne aikinka, wannan nawa ne."

Ya sa farcen babban yatsansa, wanda ya bari ya yi tsawo saboda aiki, ya zagaye wurin da giya ta jiƙa ya cire shi tsaf. Ya kankare gefen da ya ƙone, ya hura ta ciki sau biyu don warin fetur ya fita, ya shafa tsagewar da yawu ta kwanta. Ya ɗaga murya iyakar abin da ya rage masa ya ce a kawo masa tsinken itacen akwatin taba. Matar shagon ta kawo da gudu, ta ga hannun da ya san abin da yake yi. Ya kunna tsinken, ya riƙa juya ƙasan karan a saman wutar ba tare da ta taɓa shi ba, har ya yi ja ko'ina daidai.

Har nan ina iya cewa gyara yake yi wa mai abu. Na ce, "Don Evaristo, miƙa masa, iska na nan."

Ya kai bakinsa.

Shekara biyu ina tanadin maganar da zan faɗa masa in irin wannan rana ta zo. Na tsara ta, na goge ta, har da inda zan tsaya in yi dariya. Ga ranar ta zo, ga shaidu biyu, na neme ta na rasa.

Ya zuƙa a hankali, ya riƙe hayaƙin a baki, ya sake shi kaɗan-kaɗan ta hanci. Tari ya turnuƙe shi har ya dafa tebur. Ya jira ya lafa, ya sake zuƙa. Ya juya karan yana duba yadda aka kwantar da ganyen waje, ya matsa shi daga sama zuwa ƙasa yana neman inda aka bar rami ko aka cusa da yawa. Ya zuƙa na uku. Sannan ya ajiye shi a farantin, a gaban likitan, ya ce, "Na gode. Ka bi ta a hankali."

Sai da muka sauko bene muka kama hanyar bakin ruwa na iya tambayarsa.

"Ciyawa ce?"

Ya yi tafiya kamar taku goma.

"An tsinke ganyen a kan kari. An shanya shi a inuwa yadda ubana yake yi, ba a gaggauta shi ba. Wanda ya naɗa kuma, ko wane ne, hannunsa ya fi nawa."

"Wataƙila dai ka dace da mai kyau ne."

"Ulpiano, ƙanshin rumbun ubana ne. Ko ɗigo bai ragu ba." Ya tsaya ya riƙe ƙarfen gefen hanya. "Ni na zaci da muka tafi wani abu ya bi mu. Ashe ruwa ya ci gaba da sauka, ganye ya ci gaba da fitowa. Ba ta ma san na tafi ba."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushin kaina da na yarda na rako shi. Da na ce ba ni da fasfo, da ya shiga ɗakin tiyata da ciyawarsa cikin kwanciyar rai. Mu ne na ƙarshe da suka shiga ƙaramin jirgin.

Kwana biyun komawa bai yi maganar ba. Sai ranar da muka sauka Tampa, muna layin kwastan, na ga ya gyara wuyan riga ya miƙe ƙirji. Ƙaton nan mai taba a safa yana gabanmu, aka buga masa hatimi ya wuce yana fito. Jami'in da muka samu matashi ne, yana tauna cingam, sunan mutanenmu ne ma a ƙirjinsa.

"Akwai abin da za ku bayyana?"

"Akwai," in ji Evaristo. "Na karya doka. Na sha tabar Kyuba a Cayman. Zuƙa uku."

Na ja masa riga, ya buge min hannu.

"Kana ɗauke da ita yanzu, kaka?"

"A'a."

"A jaka fa?"

"Babu. Amma na karɓa a hannuna, na sa a bakina, da sanina. Evaristo Quiñones. Ga shaidata nan tsaye."

Jami'in ya dube ni, ya dubi dogon layin da ke bayanmu. Ya buga hatimi a takardar ya turo masa fasfonsa.

"Barka da dawowa gida. Na gaba!"

Evaristo bai motsa ba sai da na kama gwiwar hannunsa na ja shi gefe. Mutane suna ta ratsa mu da akwatunansu, can bayan gilashi Migdalia tana ɗaga mana hannu tana tsalle. Ya tsaya riƙe da fasfon, yana waiwayen teburin da aka riga aka shiga sallamar wani.

"Ulpiano," ya ce, da ɗan guntun muryar da ya rage masa na kwana huɗu, "ko sunana bai rubuta ba."